Fulawa Ta Yi Tsada, Matan Mubi Sun Shiga Gwaji

A garin Mubi akwai lokuta uku da ƙanshin suya ke tashi daga cikin gidaje har ya kai bakin titi, watau kwanakin ƙarshe na watan Azumi, da makon Kirsimeti, da kuma ranakun da ake shirin kai wa amarya gara. Garin ya tara Fulani da Gude da Fali da Margi da Hausawa, Musulmi da Kirista, amma in an zo batun cincin, kowa gwani ne. Abin da ya dagula wa matan gida lissafi shi ne kuɗin fulawa, wanda ya yi tashin gwauron zabo bayan da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023, aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake niƙa fulawa da ita a Nijeriya daga ƙetare jiragen ruwa ke kawo ta, da kuɗin waje ake biya. Mubi kuwa tana can gindin duwatsun Mandara, a bakin iyakar Kamaru, don haka kafin buhu ya iso kasuwarta, kuɗin mota ya hau kansa sau da yawa. Shi ya sa uwargida ta fara duban dawa da masarar da ke cikin rumbu, tana tambayar kanta ko za su rage mata hanya.

Tambayar tsohuwa ce. A watan Janairu na 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama, da fatan manoman rani na Kano da Barno za su cike gurbi. Ba su iya ba, burodi ya yi tsada, 'yan fasa-ƙwauri suka sami kasuwa, daga baya aka janye dokar. Gwamnatin Obasanjo ta nemi a riƙa zuba kashi 10 cikin 100 na garin rogo a fulawa, ta Jonathan ma ta yi ta tallan burodin rogo a 2012. Duk an yi an bari. Sai dai abin da ya gagari gwamnati a manyan masana'antu, ba lalle ne ya gagari mace a madafarta ba, in ta san inda iyakar abin take.

Iyakar kuwa ita ce danƙo. A cikin alkama akwai wani sinadari da masana ke kira gulutin, shi ne ke sa kwaɓi ya yi jan roba in an murza shi. Idan yis ya ci sukari ya saki iska, wannan danƙon ne ke riƙe iskar, har burodi ya kumbura ya yi laushi. Dawa da gero da masara da rogo ba su da shi ko kaɗan. Saboda haka mai son burodi ko fanke kada ta wuce gwangwani ɗaya na garin gida a cikin gwangwani goma. In ta yi zari ta ninka sau uku, abin da za ta fitar daga wuta ya fi kama da tubali, kuma yara ba sa ɓoye ra'ayinsu.

Cincin da kek ba su da wannan tsaurin ido, domin ba danƙo suke bukata ba, ƙwai da bota da bakin hoda ke ɗauke musu nauyi. A nan ana iya kai wa gwangwani ɗaya cikin huɗu ba tare da baƙo ya gane ba. Sharaɗin shi ne a zaɓi farar dawa, a surfe ta sosai, a niƙa da laushi, a tankaɗe sau biyu, don jar dawa takan bar ɗaci a harshe. Garin rogo kuma sai wanda aka fere, aka goge, aka matse, aka shanya a rana ɗaya. Wanda aka jiƙa ya kwana tsaminsa zai fito. Dankalin Hausa da aka dafa aka dame yana sa kek laushi, yana kuma rage sukarin da za a zuba. Rashin tanda ba uzuri ba ne, tun da daɗewa mata ke zuba yashi a gindin tukunya, su jera gwangwanayen madara a kai, su ɗora garwashi bisa murfi.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a fara gwaji a daren Salla da rabin buhu. Mai hankali takan gwada da gwangwani biyu tun da sauran mako guda, ta rubuta awon da ta yi, ta ajiye abin kwana uku ta ga ko zai bushe ko zai farfashe.

Sai batun gara, inda abin ya fi zafi. Dubulan ba ya karɓar gauraye, domin in babu danƙo ba zai murzu ya naɗu ba. Alkaki kuma da tsakin alkama ake yin sa, irin wadda ake nomawa a fadamun Arewa tun kafin zuwan Turawa, ba ruwansa da jirgin ruwa. Nakiya ma haka, shinkafa ce da sukari ko zuma da mai da kayan ƙanshi, tana kuma daɗewa ba ta lalace ba. Abin mamaki, waɗannan biyun ne wasu 'yan zamani ke yi wa kallon tsohon yayi, su fi son a jera robobin cincin da kek don dangin ango su ƙirga. Akwai iyayen da ke cin bashi saboda wannan ƙirgar, alhali kuwa amarya ba ta cinye ko rubu'in abin, rabo ake yi wa unguwa. Uwar da ta rage fulawa ta ƙara nakiya da alkaki ba ta tauye wa 'yarta komai ba, don da su aka kai wa kakar yarinyar gara.