Tsofaffin taurarin besbol da ƙungiyoyin da ke sayen sunansu

A wasan besbol na Amurka, idan shahararren ɗan wasa ya koma sabuwar ƙungiya bayan ya haura shekara arba'in kuma ya kasa taɓuka abin kirki, shi ake zargi da rashin sanin lokacin ajiye sanda. Wannan hukunci bai yi adalci ba. Sau da yawa ƙungiyar da ta ɗauke shi ce ya kamata a fara tuhuma.

Babe Ruth ya bar New York Yankees zuwa Boston Braves a 1935 yana da shekara 40. Burinsa ya zama kociya, Yankees kuwa ta ƙi ba shi wannan matsayi. Mai Braves, Emil Fuchs, wanda ƙungiyarsa ke fama da ƙarancin kuɗi, ya naɗa shi mataimakin shugaba da mataimakin kociya, muƙamai biyu da ba su da iko ko kaɗan. Abin da Fuchs ke nema shi ne 'yan kallo su cika fili. A ranar 25 ga Mayu a Pittsburgh, Ruth ya buga ƙwallo ta tsallake katangar fili sau uku a wasa ɗaya, wanda ya kai jimillar irin wannan bugu nasa zuwa 714. Kwanaki kaɗan bayan haka ya yi ritaya, bai kuma taɓa samun kujerar kociyan da ya yi ta nema ba.

Haka aka yi wa Willie Mays, wanda San Francisco Giants ta miƙa wa New York Mets a 1972 yana da shekara 41. Har yau ana tuna yadda ya yi tuntuɓe yana bin ƙwallo a wasannin ƙarshe na 1973 da Oakland. Sai dai ba shi ya tsayar da kansa a tsakiyar fili ba, wurin da ya fi buƙatar gudun matashi.

Inda aka auna ƙarfin mutum kafin a ba shi aiki, labarin ya sha bamban. Hank Aaron ya koma Milwaukee Brewers a 1975, inda sabuwar dokar 1973 ta ba shi damar yin bugu kawai ba tare da tsaron fili ba. Ƙarfinsa ya ragu, amma ya kammala da 755 cikin mutunci. Nolan Ryan kuwa, mai jifan da Texas Rangers ta ɗauka yana dab da cika shekara 42, hannunsa ƙungiyar ta saya, domin har lokacin jifansa na da zafi. A 1990, sannan a 1991 yana da shekara 44, ya yi jifa daga farkon wasa zuwa ƙarshe ba tare da abokin hamayya ko ɗaya ya samu bugu mai amfani ba.