Kafin ka ce ƙarya ce, ka tuna da Kilba

Jiya da daddare a majalisarmu wani abokina ya tarar da ni ina tura wa ƙanena sunayen littattafai da finafinai, ya leƙa ya ce, "Kai ma har yanzu kana ɓata lokacinka a kan ƙaryar Turawa? Mutane na tashi sama, dodanni na aman wuta?" Aka kwashe da dariya. Ban ba shi amsa a wajen ba, amma maganar ta kwana a raina, shi ya sa na zo nan.

Na farko dai, abin nan ba na Turawa ba ne su kaɗai. A 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da Kolin Koliyo ya ɗauka ya zaga da shi sararin samaniya. Da Hausa fa! Kafin nan akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, akwai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Mu da muka tashi da Gizo da Ƙoƙi, muka haddace littattafan yaƙi na Abdulaziz Sani Madakin Gini, mu ne za mu ce labarin da bai faru ba ɓata lokaci ne? Haba.

Ni a ganina irin waɗannan labarai suna koya wa yaro tambayar da makarantunmu ba su cika koya masa ba: idan abin nan ya canza, yaya rayuwa za ta kasance? Wanda bai saba wannan tambayar ba, kullum sai dai ya jira wasu su ƙera masa gobensa su sayar masa.

To ga abin da na tura wa ƙanen nawa.

Dune na Frank Herbert, 1965. Idan karatun ya yi maka tsawo, Denis Villeneuve ya mayar da shi fim kashi biyu, 2021 da 2024. Duniya ce ta hamada zalla, inda ruwa ya yi tsadar da mutane ke sa wata riga mai tace guminsu su sake sha. Manyan dauloli na kashe juna a kan wani sinadari da ke cikin yashin, su kuwa 'yan ƙasa an mayar da su saniyar ware. Duk wanda ya san yadda Tafkin Chadi ya ja baya tun shekarun 1960, ko ya san labarin yuraniyom ɗin Arlit, ba sai an yi masa fashin baƙi ba. Za ka ji kalmomi irin su Mahdi da Lisan al-Gaib, kada ka ɗauka darasin addini ne. Marubucin gargaɗi yake a kan jama'ar da ke miƙa wa mutum ɗaya hankalinta don ya yi alkawarin ceto. Wallahi duk lokacin zaɓe sai na tuna da littafin nan. Kuma a cikinsa 'yan Adam sun haramta na'ura mai tunani bayan sun sha wuya a hannunta, ga mu yau kowa na zancen ƙirƙirarriyar basira.

Sai Nnedi Okorafor, 'yar asalin Najeriya da aka haifa a Amurka. The Shadow Speaker a Nijar ta kafa shi, a shekarar 2070, jarumar kuma yarinya ce mai suna Ejii. Binti gajere ne, zama ɗaya za ka gama, labarin yarinyar da ta saci jiki ta bar gida zuwa jami'a a wata duniya. Duk wadda ta taɓa yin rigima a gida kafin a bar ta ta ci gaba da karatu za ta ga kanta a ciki. Akwai kuma Rosewater na Tade Thompson, Najeriya a 2066, wanda ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019. Wannan kam na manya ne.

A finafinai, ɗalibin kimiyya ya nemi The Martian na 2015. An baro mutum shi kaɗai a duniyar Mars, ba tsafi ba siddabaru, da lissafi da noman dankali ya rayu, takinsa kuwa bayan gida. Interstellar na 2014 zai sa ka kuka, ya kuma sa ka nemi sanin me ya sa lokaci ba ya gudu daidai a ko'ina. Yara a kunna musu Iwájú na 2024, katun ne a kan Legas ta nan gaba.

Masu gem, ku gwada Assassin's Creed Mirage na 2023. Za ka yi yawo a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, har Baitul Hikma, kuma ana iya sa muryoyin su koma Larabci. Akwai Aurion: Legacy of the Kori-Odan, wanda matasan Kiro'o Games suka haɗa a Yawunde, nan maƙwabta Kamaru, ya fito a 2016.

Amma gaskiya ɗaya ce, abokin nawa bai rasa hujja gaba ɗaya ba. Ba komai ake miƙa wa yaro ba. Game of Thrones da The Witcher cike suke da tsiraici da zubar da jini, kuma yanzu ana tura wa yara su a waya da kuɗi kaɗan, iyaye ba su ma san me ke ciki ba. Akwai kuma yaran da gem ya raba da salla da karatu. Maganin ba shi ne a haramta duka ba, don ko ka hana za su gani a ɓoye. Ka fara kallo kafin ka ba su, ka zauna ku kalla tare, ka tambaye su me suka fahimta.

Abin da ke ci mini rai shi ne, sama da shekara 50 bayan Kilba, har yanzu da wuya ka ga fim ɗinmu da ya hango Kano ko Damagaram a 2080. Marubutanmu da 'yan Kannywood, me ake jira ne?

Wanda ya san inda zan samu kwafin Tauraruwa Mai Wutsiya mai kyau don Allah ya taɓa ni, nawa wani ya ara tun muna sakandare bai dawo da shi ba.