Kafin ki nemi injin saƙa, fara da tsumman wanka

Da zarar hunturu ya kawo kai, za ki ga 'yanmata daga Bebeji har Doguwa sun ɗauko kibiya da ƙullin ulu, kowacce burinta ta saƙa wa jaririn yayarta hula da safa da rigar sanyi kafin ranar suna. Bayan sati biyu ki ɗaga katifa, nan za ki tarar da rabin hula. Daga nan sai a ce wance ba ta da hannun saƙa, alhali aikin da aka ɗora mata ne ya fi ƙarfin 'yar koyo.

Ni a ganina, duk mai son koyon saƙa ta fara da ɗan tsumman wanka mai raga-raga, faɗinsa kamar taƙi ɗaya, tsawonsa ma haka. Hula tana buƙatar awo, ga rage zare a tsakiyar kai, safa kuma ga dunduniya. Tsumma ba ruwansa da wannan. Ko gefe ɗaya ya karkace, zai wanke jiki dai.

Kuma kar ki raina shi don ƙanƙantarsa. Ƙananan hujojin nan da ke sa saƙa ta yi kama da leshi, dabara biyu ce kawai: ki zagaya zare a kan kibiya sau ɗaya, sai ki haɗa madauki biyu ki saƙe su tare. Na farko ya ƙara ɗaya, na biyu ya rage ɗaya, faɗin bai canza ba, huji ya fito. Wadda ta iya wannan, da lissafin layi, da warware kuskure ba tare da ta tsinke zare ba, ta riga ta kama tushen rigar da take mafarki. Hujojin ma suna da amfaninsu, don su ne ke sa tsumman ya bushe da wuri, bai tsaya yana warin danshi ba. Sai dai ki kula da zaren. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa na roba ne, ba ya shan ruwa sosai. Ki nemi na auduga. In kuma soson wanke-wanke kike so, ga tsofaffin buhunan shinkafa nan a Tudun Wada, a warware su a saƙa da kwarashi.

Na san abin da za a ce: nawa ne kuɗin tsumma, ga soson raga a kowane shago? Gaskiya ne, ba za ki yi arziki da shi ba. Amma ki duba yadda ake tallafin sana'a a wurinmu. A tara mata, a yi horon 'yan kwanaki, a raba injina, a ɗauki hoto. Wadda ba ta san yadda zare ke tafiya ba, ran da injin ya cije shi kenan, sai ya koma cikin kayan ɗaki ko a sayar da shi. Ƙullin zare ɗaya da kibiya biyu kuwa ba sai kin jira ɗan siyasa ba.

Kai ma ɗan'uwa da kake dariya, wai aikin mata ne, ka tambayi kakanka su wa ke zama a masaƙa da. Lokacin da Bature Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan ne ya ga ana kaiwa har Timbuktu, kuma saƙar ƙyallen sawaye sana'ar maza ce. A yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ɗaliban jami'a suka yi a gida. Tsumman nan, ko 'yar koyo ce, yamma uku zuwa huɗu ya ishe ta gama shi, in dai an ajiye waya gefe.