Hasken da injin asibiti ke zubarwa

Tun shekarar 1895 da Bajamushe Röntgen ya gano hasken da ke ratsa jiki, wanda a asibitocin Nijar ake kira radiyo, inuwa kaɗai likita yake karantawa. Ƙashi ya tare haske ya fito fari, tsoka ta bar shi ya wuce. A hoton mama kuwa nan gizo ke saƙa: ƙarin sankara fari ne, naman mama mai kauri, irin na mata masu ƙuruciya, shi ma fari ne. Sau da yawa ciwon yakan ɓuya a cikinsa.

To amma ba dukan hasken ke wucewa kai tsaye ba. Wani yakan bugi nama ya watsu gefe, har injin radiyo yana da raga ta dalma musamman don tare shi, saboda yana dusashe hoto. Wannan abin zubarwa shi ne masana suka koma suna tsinta, domin watsuwarsa tana bin saƙar naman da ya buga. A cikin mama akwai wasu zaruruwa, kolajen, jere da tsari. A shekarar 2000 masu bincike a Daresbury ta Ingila sun nuna cewa inda sankara ta kama, jerin yakan wargaje, kuma watsattsen hasken yana tona hakan. Ɗan kasuwar da ke gane shadda ta wajen saƙarta, ba ta launinta ba, ya san wannan karatu.

Sai dai an taɓa yin gaggawa. A 1999 Veronica James ta Ostareliya ta buga a mujallar Nature cewa silin gashi ɗaya ya isa a gane mai ciwon. Wasu masana suka maimaita gwajin, ba su ga abin da ta gani ba. Kamfanin Fermiscan, da ya tara kuɗin masu hannun jari a kan wannan fata, ya durƙushe a 2009.

Binciken nama ya fi na gashi tushe, amma galibinsa a kan ɗan yankin da aka ciro ake yi, sau da yawa da manyan injina irin na Grenoble a Faransa, mai kewayen mita 844. Har yau hoton mama, da eko, da duban naman a madubin likita su ke yanke hukunci kan ciwon da ya kashe mata wajen 670,000 a duniya a 2022.