Kirk Cousins: kulob ya so rabuwa da shi a 2025, kasuwa ta ƙi taya shi

A Amurka, kulob ɗin Atlanta Falcons na gasar NFL ya ɗauki nauyin biyan ɗan wasansa Kirk Cousins dala miliyan 27.5 a kakar 2025, alhali tun kafin kakar an riga an ajiye shi a benci. An gama cinikin ƴan wasa na watan Maris 2025, aka gama zaɓen sababbin ƴan wasa na watan Afrilu, amma babu kulob ɗin da ya ɗauke wa Atlanta wannan nauyi a lokacin.

Wasan da ake magana a kai shi ne ƙwallon Amurka, wanda ake ɗauka da hannu, ƴan wasa na sanye da hulunan kwano. Cousins kwatabak ne, wato wanda ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya duba fili, ya jefa wa abokinsa. Duk tsarin kulob a kansa yake rataye, shi ya sa ya fi kowa albashi.

Cinikin ƴan wasa a can ya bambanta da na ƙwallon Turai da aka saba kallo a gidajen kallo na Maraɗi da Damagaram. Ba a biyan kuɗin sayen ɗan wasa. Ana musaya ne da wani ɗan wasa, ko da damar zaɓe a rabon matasan da ke fitowa daga jami'o'i, wanda kulob 32 ke yi a zagaye bakwai duk shekara. Sannan akwai iyakar albashi da aka gindaya wa kowane kulob, dala miliyan 279.2 a 2025. Mai ɗaukar ɗan wasa yana ɗauka ne har da sauran yarjejeniyarsa, don haka farashi biyu yake dubawa a lokaci guda.

Ranar 29 ga Oktoba 2023, Cousins na buga wa Minnesota Vikings wasa da Green Bay sai agararsa ta tsinke. Wata biyar ba su cika ba Atlanta ta ba shi yarjejeniyar shekara huɗu kan dala miliyan 180, kusan miliyar 100 ke nan na sefa, kuma miliyan 100 daga ciki dole a biya ko ya buga ko bai buga ba. Yana da shekara 35 a lokacin. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne, bayan mako shida kacal kulob ɗin ya yi amfani da zaɓinsa na takwas ya ɗauki wani kwatabak matashi, Michael Penix, wanda shi ma sau biyu jijiyar gwiwarsa ta tsinke a jami'a. Tun ranar masu lura suka gane cewa shugabannin Atlanta ba su gama yarda da ƙafar da suka saya ba.

Da farko kamar caca ta ci. Atlanta ta yi nasara a wasanni 6 cikin 9, kuma a Oktoba 2024 Cousins ya jefa ƙwallo yadi 509 a wasa guda da Tampa Bay. Daga nan aka doke su sau huɗu a jere, abokan hamayya suka cafke jifarsa sau takwas, bai jefa ko ɗaya da ta kai ga ci ba. A Disamba aka ba Penix wurinsa. Daga baya Cousins ya ce ya ji rauni a kafaɗa da gwiwar hannu tun Nuwamba. Wannan bayani na iya wanke shi daga zargin tsufa, amma ga mai saye ƙarin ciwo ne a kan na agara.

A lokacin, ko da an sami mai so, lissafin bai yi wa Atlanta daɗi ba. Kuɗin sa hannu dala miliyan 50 da ta ba shi an raba su ne kan shekara huɗu a lissafin iyakar albashi, kuma miliyan 37.5 da suka rage a 2025 da sun zauna a wuyanta ko ya tafi. Mai saye kuwa da ya nemi ta biya wani kaso na albashin 2025 kafin ya ba da ko da zaɓin zagaye na ƙasa. Ga shi kuma yarjejeniyar ta ba Cousins ikon ƙin duk kulob ɗin da bai yi masa ba.

Kulob-kulob na da dalilin jin tsoro ta kowane ɓangare. A 2006 Miami ta guji Drew Brees saboda kafaɗarsa, ta ba da zaɓin zagaye na biyu ta ɗauko Daunte Culpepper mai ciwon gwiwa. Wasa huɗu Culpepper ya buga mata, Brees kuwa ya je New Orleans ya ɗauki kofin Super Bowl a Fabrairu 2010. A ɗaya gefen akwai Cleveland, wadda ta ba da zaɓin zagayen farko har uku a 2022 kan Deshaun Watson, ta lamunce masa dala miliyan 230 gaba ɗaya, agararsa ta tsinke a Oktoba 2024, ta sake tsinkewa kafin ta warke. Shi ya sa yanzu ake son ciniki mai sharaɗi. Da New York Jets suka ɗauko Aaron Rodgers a 2023, sun amince zaɓin zagaye na biyu zai koma na farko idan ya buga kashi 65 cikin ɗari na hare-haren kakar. Hari huɗu kawai ya buga agara ta tsinke, sharaɗin ya cece su.

Ƙofofin da aka yi tsammani duk sun rufe. An fi ambaton Cleveland, domin kocinta na lokacin Kevin Stefanski ya yi aiki da Cousins a Minnesota, amma ta ɗauki Joe Flacco da arha ta ƙara da matasa biyu. New York Giants ta ɗauki Russell Wilson, Pittsburgh ta ƙare da Rodgers.

Abin da ya rage wa Atlanta a lokacin shi ne jira, kuma akwai hujja a kan haka. A ƙarshen Agusta 2016 gwiwar Teddy Bridgewater ta goce a wurin atisaye, cikin ƴan kwanaki Minnesota ta miƙa wa Philadelphia zaɓin zagayen farko ta karɓi Sam Bradford, wanda shi kansa an yi masa aikin gwiwa sau biyu. Lissafin a lokacin shi ne, idan wani babban kwatabak ya faɗi kafin a rufe ciniki a farkon Nuwamba 2025, wayar Atlanta za ta yi ƙara. Cousins ya cika shekara 37 a watan Agusta 2025.