Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Babban Birnin Tarayya

Mai girma Minista,

Sabbin tituna da gadoji a Abuja ba su ɓoyu ba, kuma ka cancanci yabo a kansu. Amma ka daure wata rana ka fito da asuba ka tsaya a hanyar Nyanya. Masu gadi, masu shara, direbobi da ƙananan ma'aikata ne cunkushe cikin motoci daga Mararaba da Masaka. Su ke tayar da Maitama da Asokoro kowace safiya, alhali ko ɗaki ɗaya ba za su iya kamawa a can ba. Kwanansu a jihar Nasarawa, guminsu a Abuja.

Tun zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke kan wannan kujera taka, daga 2003 zuwa 2007, rusau ya zama maganin unguwannin talakawa. A kawo katafila, a share fili, kafin ka ankara an zagaye shi da katanga, an gina gidajen da wanda aka kora ba zai ko tambayi kuɗin hayarsu ba. Gbagyi, waɗanda aka gina birnin a gonakinsu, har yau suna kukan diyya.

Jirgin ƙasan da aka farfaɗo da shi a 2024 yana zuwa filin jirgin sama da Kubwa, bai leƙa Nyanya ba, inda jama'ar take.

Roƙona, ranka ya daɗe: a miƙa layin dogon zuwa can, kuma kada a sake rushe unguwa sai an tanadar wa mutanenta matsuguni mai ruwa da makaranta kusa da wuraren aikinsu.

Naka,
Wani mazaunin Karu