Kafin a Kai Yaro Ganin Zaki, a Bari Ya Isa Aike

Kashegarin Ƙaramar Sallah, duk wanda ya tsaya a tashar Funtua da sassafe zai ga iyalai cikin sababbin kaya suna cika motocin Kano. Akwai 'yan cikin gari, akwai waɗanda suka yi sammako daga Maska da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Wasu gaisuwar dangi za su, amma da yawa Gidan Zoo na cikin lissafinsu. Waɗanda ke ɗaukar idona kowace shekara su ne na kan cinya: 'yan wata goma sha takwas, 'yan shekara biyu, an ɗaure su cikin shadda mai sitati da hular da ke faɗowa, za a bi da su ta Bakori da Malumfashi da Gwarzo, tafiyar sa'o'i, wai a nuna musu zaki. Ra'ayina a kan wannan ɗabi'a ba mai laushi ba ne. Wahalar da yaro ce da sunan gata, kuma ya kamata a daina. Yaron da bai kai shekara biyar ba bai isa wannan tafiya ba.

Ina da bakin faɗa domin ni ma na aikata. 'Yata ta fari tana da shekara biyu da 'yan watanni na shirya irin wannan tafiya. Da muka shiga yi wa mahaifiyata sallama, ta dubi yarinyar ta dube ni ta ce, "Ina za ka kai mini kishiya a cikin wannan rana? Me ta sani da za ta gano?" Na ce, "Inna, ai gani ya kori ji." Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ba ta ƙara ba. Mun isa rana ta take. Na saɓa yarinyar a wuya a gaban kejin zaki, ina nuna mata da yatsa, ina ta kiran sunansa. Zakin yana kwance a inuwa ya ba mu baya. Ita kuwa hankalinta yana kan wani jan gwada da ke gyaɗa kai a bisa katanga, irin wanda take kora kullum a tsakar gidanmu. Daga nan sai kuka, sai barci. Yanzu shekararta tara. Da na tambaye ta kwanan baya, ba ta tuna komai, hoton kawai ta sani. Laifin wannan rana nawa ne ni kaɗai, ba na kowa ba.

Abin da Inna ta faɗa a taƙaice, masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna auna shi. Da wuya ka sami baligin da ke tuna wani abu da ya same shi kafin ya cika shekara uku zuwa uku da rabi. Patricia Bauer ta Jami'ar Emory a Amurka ta bi diddigin yadda mantuwar ke faruwa. An naɗi hirar yara 'yan shekara uku da iyayensu mata a kan abubuwan da suka faru da su kwanan nan, sannan aka sake tambayar yaran bayan wasu shekaru. Waɗanda aka tambaya suna tsakanin shekara biyar da bakwai sun tuna fiye da kashi 60 cikin ɗari. Waɗanda aka bari sai da suka kai takwas ko tara, ƙasa da kashi 40 suka tuna. Wannan fa ɗan shekara uku ke nan, wanda bakinsa ya buɗe har yana ba da labari. Ina ga wanda aka yaye jiya?

Na san amsar da za a ba ni, kuma masu ba da ita ba jahilai ba ne. Za a ce ƙwaƙwalwar yaro tana ginuwa da sauri a shekarun farko, abin da ya gani yana yi masa amfani ko da bai tuna ba. Haka ne. Sai dai abin da ke gina ta a wannan mataki shi ne maimaici da kusanci da hira. Akuyar da yaro ke gani kowace safiya, ya ji kukanta, ya ga ta haihu, ya ji uwarsa ta kira sunanta sau ɗari, ita ce ke koya masa mene ne dabba. Zakin da aka hango sau ɗaya daga bayan waya, cikin turmutsutsu, tarin jar ƙasa ne kawai a idonsa. Zaki kuma yakan shafe mafi yawan yini a kwance, balle da tsakar rana, lokacin da mu masu zuwa daga nesa muke isa.

Ɗan Maska kuwa bai taɓa rasa dabbar kallo ba. Shanun huɗa suna wucewa ta ƙofar gida da damina. Ga jaki da mangala, ga zabi suna kwarmato a bayan danga, ga balbela tana bin garke, ga shamuwa da ke sauka a kan itatuwan gari idan ruwa ya kusa. Mu da muka yi boko muka koma Kaduna da Abuja, muka zauna a gidajen da ko kaza ba a kiwo, mu ne 'ya'yanmu ke da wannan giɓi, kuma mu ne muka fi ɗokin Gidan Zoo. Mai ɗan shekara biyu da bai taɓa ganin jaki ba, ya kawo shi gida da kaka ya yi mako guda. Ya riƙe hannunsa su tsaya daga gefen kara ranar kasuwa ya ga raƙumi da bajimi. Zai dawo da kalmomi fiye da waɗanda zai samo a keji goma.

Da asarar kuɗin mota ce kawai, da ban ɓata tawada ba. Akwai lafiyar yaron. Shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa ne a watan Maris ko Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40. Jikin ƙaramin yaro yana saurin rasa ruwa fiye da na babba, kuma ba ya iya cewa jiri yake ji, sai dai ya yi ta rigima a ce masa ya cika fitina. Lokacin ne kuma na sanƙarau da ƙyanda, cututtukan da ke son cunkoso. Allurar ƙyanda ta biyu sai yaro ya kai wata goma sha biyar ake yi masa, kuma mun san yara nawa ne a cikinmu ba a kammala musu ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sa 'yan ƙasa da shekara biyar cikin waɗanda suka fi saurin ɗaukar ciwo daga dabbobi, har tana gargaɗin kada a bar su su taɓa irin su kunkuru da ƙadangare da 'yan tsaki. Dalilin a fili yake ga duk uwar da ta yi goyo: hannun da ya shafa ƙarfen keji, bayan ɗan lokaci yana cikin baki. Wannan gargaɗi ya shafi kajin gidanmu ma, kada mu yaudari kanmu, amma a gida akwai buta da sabulu a kusa, kuma babu mutum dubu da suka riga shi dafa wurin.

Sai maganar da iyaye ba sa son ji. Ɗan shekara biyu tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, shingen gidan namun daji kuwa an yi shi ne don ya tare mutum. Yaron ba zai ga komai ba sai an ɗaga shi, ɗagawar kuma ita ce haɗarin. A watan Nuwamba na 2012, a gidan namun dajin Pittsburgh a Amurka, wata uwa ta ɗaga ɗanta ɗan shekara biyu a kan shinge don ya ga kyarketai, wato karnukan dawa irin na Afirka. Ya suɓuce ya faɗa, suka kashe shi. A watan Mayu na 2016 a Cincinnati, ɗan shekara uku ya zille wa uwarsa ya ratsa shinge ya faɗa wurin wani goggon biri mai suna Harambe. Sai da aka bindige dabbar kafin a ɗauko yaron da rai. Waɗannan wurare ne masu kuɗi da ma'aikata da ƙa'idoji. A nan gida, mutanen Kano ba su manta da watan Oktoba na 2019 ba, lokacin da zaki ya kuɓuce a cikin Gidan Zoo ya yi kusan kwana biyu kafin a mayar da shi keji, bayan ya yi kalaci da awaki. A Jos, a watan Disamba na 2015, wanda ya fita harbe shi aka yi. Irin wannan ba kullum yake faruwa ba, ban kuma kawo shi don in tsorata kowa ba. Amma a wurin da hakan ke iya faruwa, kana bukatar yaron da idan ka ce masa "tsaya nan" zai tsaya, idan ka ce "zo" zai zo. Ɗan shekara biyu jin "tsaya" yake kamar an ce masa ruga.

Ranar Sallah kuwa ɓatan yaro ya fi zaki kusa. Mai son ya san yawan jama'ar da ke shiga a waɗannan kwanaki ya tuna abin dariyar nan na watan Yuni 2019, da aka yi ta yayata cewa goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 a Gidan Zoo na Kano, har Gwamna Ganduje ya fito ya ce babu ma irin wannan dabba a gidan. Duniya ta yi ta dariyar birin. Ni abin da na riƙe shi ne kuɗin: na shigar 'yan kwanakin Sallah ne kawai. A cikin wannan taro ake sakin hannun yaron da bai san sunan ubansa ba sai "Baba", bai san sunan garinsu ba.

Shi ya sa ma'aunina ya fi karkata ga na iyayenmu fiye da na takardar haihuwa. A gidan Bahaushe ana sanin yaro ya yi wayo ranar da aka aike shi maƙwabta ya isar da saƙo daidai ya dawo da amsa. Wanda ya isa aike ya iya tafiya da ƙafarsa ba a saɓa shi ba, yana jin umarni, yana iya faɗin sunansa da na mahaifinsa, yana kuma iya riƙe abu a ka ya maimaita. Yawanci hakan yana zuwa ne wajen shekara huɗu zuwa biyar. Wanda yake zaune a Kano, Gidan Zoo na bayan gidansa, yana iya kai ɗan shekara huɗu da safiyar Talata, babu cunkoso, su yi sa'a guda su dawo. Wanda zai taso daga Maska ya jira biyar ta cika.

Akwai kuma wani shiri da ya fi kuɗin mota muhimmanci, ga shi kyauta. Yaron da ya sha tatsuniya a bakin kakarsa ya san kura tun bai gan ta ba: ya san kwaɗayinta da tsoronta, ya san yadda Gizo ke yi mata wayo, ya san zaki shi ne manyan dawa. Ranar da ya tsaya a gaban kejinta, tsohuwar sananniya ya zo gani, zai tsaya ya duba ko da gaske ƙafafunta na baya sun fi gajarta. A nan ne gani ke korar ji, domin an riga an ji ɗin. Kakanninmu a wannan yanki sun kwana suna jin kukan kura a bayan gari, iyayenmu sun gan ta da takunkumi a hannun gardawa ranar kasuwa. 'Ya'yanmu ba su da ko ɗaya. Dazuzzukan da suka rage, irin su Rugu da Kamuku, yau ba wurin kai iyali ba ne, kowa ya san dalili. Gidan da Audu Bako ya gina a farkon shekarun 1970 shi ne kusan ƙofa ɗaya da ta rage wa yaron karkarar Katsina ya ga namun dawan ƙasarsa da idonsa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, iyalai da yawa sau ɗaya za su iya wannan tafiya a duk ƙuruciyar yaro. Abu mai daraja haka, a kashe shi a shekarar da ba za a tuna ba?

Makarantun rainon yara masu zaman kansu sun fi iyaye laifi a nan. Uba yana da yaro ɗaya ko biyu a hannu. Makaranta kuwa ta karɓi kuɗin yawon buɗe ido, ta loda 'yan aji ɗaya na nazare talatin a bas da malamai biyu, a dawo da hotunan da za a sa a takardar talla. Iyayen da aka kawo wa irin wannan takarda su tambayi babba nawa ne zai riƙe yaro nawa, idan amsar ba ta gamsar ba su ƙi sa hannu, ko da yaron zai yi kuka.

Gidan kallon kifi, ga masu halin zuwa Dubai ko waɗanda ke biyawa ta Jidda bayan Umara, hukuncinsa ya fi sauƙi. Akwai sanyi, akwai gilashi tun daga ƙasa, ba sai an ɗaga yaro ba, kifi kuma ba ya daina motsi, abin da idon ƙaramin yaro ke so ke nan. Idan kana can da ɗan shekara biyu, ka shiga da shi. Kada dai ka sayi tikitin jirgi dominsa, kifin tarwaɗa a cikin baho a kasuwar Funtua zai ba shi mamaki daidai da wancan. Haka uwar da za ta kai manyan yara ba ta da inda za ta bar na goye: ta tafi da shi a bayanta, a ranar da ba taro, da ruwa da inuwa. Rakiya ya yi, a ajiye masa tasa tafiyar.

Ƙanen 'yar tawa zai cika biyar bayan kaka. Tun bara yake tambayata ko jimina ta fi Baffansa tsawo, ko kada yana barci a cikin ruwa, na ce masa ya tara tambayoyin. Idan an gama cire masara, sanyi ya fara, makarantu suna karatu, za mu kwana a Kano wurin dangi mu shiga da an buɗe ƙofa. Yayarsa ta ce ita ma sai an tafi da ita, domin ba ta taɓa zuwa ba.